Hannu Ɗaya da Jinka: Tattalin Kuɗin Gida a Hannun Uwa Ita Kaɗai a Unguwar Dosa



Wannan lacca za ta duba wani irin gida ne da ya yawaita a biranen ƙasar Hausa, watau gidan da mace ita kaɗai take riƙe da 'ya'ya matasa, 'yan shekara 13 zuwa 19, ko dai don mijinta ya rasu, ko kuwa don aure ya mutu. Akwai maza gwagware da ke cikin irin wannan hali, amma ba su da yawa, domin namiji bai cika daɗewa bai sake aure ba, ko bai kai yaran wurin mahaifiyarsa ba. An zaɓi Unguwar Dosa, wadda ke Kaduna ta Arewa, maƙwabciyar Kawo da Badarawa, don ta zama madubi. Abin da ake so a nuna shi ne, ba tuwon yau da gobe ne yakan karya irin wannan gida ba, duk da tsadarsa. Abin da kan karya shi shi ne kuɗin da ake nema a dunƙule, rana ɗaya, daga hannun wadda samunta a tsittsinke yake zuwa.

Kafin a shiga lissafi, ya kamata a tuna irin garin da ake magana a kansa. Kaduna ba birni ne mai ganuwa irin Kano ko Zazzau ba. Gari ne na ma'aikata da sojoji da 'yan kasuwa, wanda ya bunƙasa bayan Turawa sun mayar da hedkwatar Arewa can daga Zungeru a 1917. Galibin magidantan garin aiki ne ya kawo su ko ya kawo iyayensu, danginsu kuwa suna can Katsina ko Daura ko ƙauyukan Zazzau. A karkara, idan mutum ya rasu, 'ya'yansa suna cikin gandu, rumbun da ya ci da su jiya shi zai ci da su gobe. A Kaduna kuwa albashi ne rumbun, ranar da mai albashi ya faɗi, rumbu ya ƙone. Daɗa ga mutuwar masaƙu: masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta tsaya a 2002, ma'aikata da yawa kuma suka rasu ba su karɓi haƙƙinsu na sallama ba. Rikice-rikicen 2000 da 2002 su ma sun bar marayu, sa'an nan suka sa Musulmi da yawa ƙaura zuwa arewacin kogi, unguwanni irin su Unguwar Dosa suka ƙara cika. Inda mutane suka cika kuwa, kuɗin haya ba ya sauka.

To, wa shari'a ta ɗora wa nauyin waɗannan yara? A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na wannan ƙasa suke bi, ciyarwa da tufatarwa suna wuyan uba: ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace har ta tare a ɗakin mijinta. Uwa kuwa ita ke da haƙƙin riƙo. Wannan a rubuce yake a littattafan da kowane almajirin fiƙihu ya sani, irin su Risala. Amma al'ada ta saba da cewa 'ya'ya na uba ne, da an yaye yaro sai a karɓe shi. Saboda haka bazawara da yawa ba ta kai ƙarar neman kuɗin ciyarwa, don ta san amsar da za ta biyo baya, watau a ce ta kawo yaran. Sai ta zaɓi yunwa tare da 'ya'yanta a kan ƙoshinsu a hannun kishiya. Matar mamaci kuwa, bayan takabar wata 4 da kwana 10, rabonta tumuni ne, kashi 1 bisa 8, wanda za ta raba da abokan zamanta in akwai su. Abin lura a nan shi ne, mazhabar ba ta wajabta wa baffa ko kawu ciyar da marayun ɗan'uwansa ba. Zumunci ne ya ɗora masa, da kunyar idon jama'a. Kunyar ido kuwa tana raguwa gwargwadon nisan hanya tsakanin Kawo da garinsu mamaci.

Yanzu sai a zo ga lissafi. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000, Jihar Kaduna ta amince da Naira 72,000. A ɗauka uwar tana da sa'ar samun wannan, ko da shara take yi a wata ma'aikata. In an raba shi kwana 30, ya zama Naira 2,400 a yini. In ita ce da 'ya'ya 3, kowane baki ya tashi da Naira 600, a cikinta za a ci, a sha, a yi wanka da wanki, a hau keke-napep. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar Naira a watan da ya biyo. Mafi yawan matan da ake magana a kansu ma ba su da albashi ko kaɗan. Ƙosai ne da safe, ko awara da yamma, ko ɗinki, ko kitso, ko wankau, ko sayar da ƙanƙara in an sami wuta. Polly Hill ta kira wannan ciniki na cikin gida ɓoyayyen ciniki, Catherine Coles kuma ta nazarci sana'o'in matan Hausawa a nan Kaduna tsakanin 1980 da 1985, lokacin da tattalin arziki ya fara tsukewa. Ke nan abin ba sabo ba ne, tsananinsa ne ya ƙaru.

Tun a 1857 wani Bajamushe mai suna Ernst Engel ya lura cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci yake ci daga samunsa. Kowace uwa a Unguwar Dosa ta san wannan ba tare da ta ji sunan Engel ba. Abin da ta ƙara sani shi ne, talaka ya fi mai kuɗi sayen abinci da tsada. Mai hali yakan sayi buhun masara da kaka, lokacin da take araha, ya ajiye. Ita kuwa mudu take saye, wani lokaci gwangwani, har a tsakiyar damina sa'ad da hatsi ya yi ƙaranci. Man ja a ƙulle, gawayi a ƙulle, omo a ƙulle, kowane ƙulli da ribar mai shago a kansa. Duk da haka mata sun ƙware a wannan fage ƙwarai. Sukan haɗa kuɗi su biyu ko uku, ɗaya ta tafi kasuwar Kawo ranar Talata ta yiwo awo a raba. Sukan busar da tumatir da tattasai da kuɓewa lokacin da suka yi yawa. Sukan yi tuwon dare da yawa don a sami ɗumame da safe, wuta ɗaya ta yi aikin biyu. Daddawa da kuka da ƙashi sukan tsaya a madadin nama. Wanda ya zo yana koya wa irin wannan mata tsimi, lalle ya zo sayar da kaba a gindin goruba.

Inda gizo yake saƙar shi ne manyan kuɗi. Haya a Kaduna ta shekara ake biya, gaba ɗaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne har ƙarshen ƙaramar sakandare, amma kayan makaranta da littattafai da takalmi ba kyauta ba ne. A ajin ƙarshe kuma sai jarrabawa ta taso: WAEC, da NECO, da JAMB, kusan a lokaci guda, kowace da ranar rufe rajistarta, ranar da ba ta san maraya ba. In yaro ya ci, ga kuɗin jami'a. Ƙarin kuɗin da aka yi a Jami'ar Jihar Kaduna a 2021 ya girgiza gidaje da yawa, har gwamnatin da ta biyo ta rage shi a 2023. Sa'an nan ga ciwo, wanda ba ya sallama, ga kayan Sallah, ga kuma babbar aba wadda uwar 'ya mace take kwana da ita tun yarinya na firamare, watau kayan ɗaki.

Abin da ya sa shekarun samartaka suka fi tsanani shi ne, a daidai lokacin ne yaro yakan daina kawowa ya fara ci. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matar kulle ta dogara a kan talla da aiken ƙananan yara. Yarinya 'yar shekara 9 ita ce ƙafar uwarta. Da ta kai 15, sai uwa ta fara tsoron tura ta bakin tasha da faranti, kuma da gaskiyarta. Ga makaranta ta cinye safiya, Islamiyya ta cinye yamma. Ciniki ya ragu, buƙata ta ƙaru: man shafawa, audugar mata, hijabi, ankon bikin ƙawa. Namijin kuwa cikinsa ya buɗe, kwanon da ya ishi mutum biyu bara ba ya isarsa bana, ga wayar hannu da kuɗin data, waɗanda uwa take gani almubazzaranci, shi kuwa yake gani su ne mutuncinsa a cikin tsara. Ba dukkansu ne shirme ba, domin rajistar jarrabawa da duba sakamako duk ta intanet ake yi. Abin da uwa ta hana kuma, akwai mai bayarwa a waje, da sharaɗinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Ga yarinya, mai bayarwar saurayi ne mai mota. Ga yaro, ɗan siyasa ne mai neman 'yan banga, ko majalisar masu shaye-shaye, irin wadda ta sa gwamnati hana maganin tari mai kodin a 2018. Don haka Naira 200 da uwa ta damƙa wa ɗanta da safe, tana sane ta rage ta daga kuɗin miya, ba ɓarna ba ce, katanga ce ta gina.

Hausawa ba su zauna ba dabara game da kuɗin dunƙule. Adashi shi ne babbar hikimarsu. Mata 10 masu zubin Naira 2,000 kowane mako, kowace za ta kwashi Naira 20,000 sau ɗaya a mako 10. Ba riba a ciki, hasali ma mai kwasar ƙarshe hauhawar farashi ta ci mata wani abu. Amfaninsa shi ne yana raba mace da kuɗinta kafin buƙatar yau ta cinye su, yana kuma ba ta abin faɗa wa mai roƙo: na zuba adashi. Mace mai lissafi takan roƙi uwar adashi ta sa kwasarta ta faɗo daidai watan haya ko watan rajista. Biki ma haka yake, kamar yadda aka gani a labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954: gudummawar da aka kai wa ƙawa ajiya ce da za ta dawo ranar buƙata. Sai dai biki yana da ƙaya, domin akan so a mayar da fiye da abin da aka karɓa, har ya zama bashi mai haihuwa. Akuya a bayan ɗaki da 'yan kunnen zinariya su ne bankin na uku. Waɗannan sun nuna amfaninsu a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da masu ajiya a banki suka kwana a layi.

Hatsarin da ya fi kowane shi ne cin uwar kuɗi. Da ruwan ciki kan ja na rijiya. Ranar da aka ɗebi kuɗin wake da mai aka biya kuɗin jarrabawa, an biya jarrabawa, amma kaskon ƙosai ya huce, daga nan sai bashin mai shago, sai na masu ba da rance na mako-mako, waɗanda ba su san rashin ciniki ba. A nan ne ya kamata masu zakka da kwamitocin marayu na masallatai su sake tunani. Galibi taimakonsu a watan azumi yake taruwa, shinkafa da atamfa, ana ɗaukar hoto. Alheri ne, ba shakka. Amma da za a tambayi uwar marayu, da ta ce a riƙe atamfar, a biya mata rajistar NECO, ko a cika mata hayar da mai gida ya ba ta wa'adin mako biyu a kanta.

Akwai wani abu kuma da yake hannun uwar kanta. Tarbiyyar Bahaushe ta ginu a kan rufin asiri, har uwa takan ɗora tukunyar ruwa a murhu don kada maƙwabta su gane ba a girki. Rufin asiri daga maƙwabta daidai ne. Amma ɓoye wa ɗan shekara 16 abin da ke shigowa gida kuskure ne, domin wanda bai san lissafi ba yakan ɗauka rowa ake yi masa. Gidajen da suka fi tsayuwa su ne waɗanda uwa takan zaunar da babban ɗa ko babbar 'ya, a zube cinikin yini a tabarma a ƙirga tare, a ware na jari, a ware na adashi, abin da ya rage shi ne cefane. Ɗan makaranta ya riƙe littafin bashi, tun da shi ya iya rubutu. In ya koyi gyaran waya ko ɗinki a ranakun hutu, a yi yarjejeniya a kan abin da zai riƙe da abin da zai kawo. Iyakar abin kiyayewa ita ce kada koyon sana'a ya haɗiye ajin ƙarshe, domin yaron da ya ɗanɗani kuɗin kamasho a tashar Kawo da wuya ya koma kan benci.

Saura batun sake aure, wanda dangi sukan kawo a matsayin magani tun kafin a share makoki. Wani lokaci maganin ne. Amma mai neman bazawara bai cika neman ta da samari uku ba, shari'a kuma ba ta ɗora masa ciyar da agola ba, haƙƙin riƙonta ma yana iya faɗuwa in ta auri wanda ba muharramin yaran ba. Sau da yawa sai a rarraba su, wannan wurin kaka, wancan wurin baffa, yarinya kuma a yi mata aure kafin ta rubuta jarrabawa. Shi ya sa za a ga mace mai sauran ƙuruciya a Unguwar Dosa ta yi shekara 7 ko 8 tana sallamar manema, tana cewa sai autanta ya gama sakandare.