Jawabin ranar biki: A riƙa sauraron mai jego

 

Akwai wani gajeren labari da aka fassara mana a ajin yaƙi da jahilci, muka ga ya dace mu kawo shi nan. Wata Ba'amurkiya, Charlotte Perkins Gilman, ta wallafa shi a 1892, sunansa The Yellow Wallpaper, wato takardar bango mai ruwan ɗorawa. Ita kanta ta yi fama da ciwon damuwa bayan ta haihu a 1885, likita ya ce ta kwanta, ta bar rubutu.

Matar da ke ba da labarin ko suna ba a ba ta ba. Ta haihu, sai baƙin ciki ya rufe ta. Mijinta John, likita ne fa, ya kama gida na wata uku, ya ajiye ta a ɗakin sama mai tagogi da ƙarafa. Ba aiki, ba ziyarar dangi, jaririn ma wata ke riƙo. Bai taɓa dukanta ba, da lallashi yake magana. Amma duk sanda ta ce jikinta ba daɗi, sai ya yi dariya ya ce tunani ne kawai.

To, ku duba zuciyarta. Tana kuka a ɓoye, tana rubutu a ɓoye, tana zargin kanta da rashin godiya. Daga baya ta fara tsoron mijin. Da ta rasa abokin magana, sai ta koma kallon takardar bangon, har ta fara ganin mace a ɗaure a bayan zanen. Ƙarshe ta yayyage takardar, tana rarrafe a ɗaki, mijin ya shigo ya suma.

'Yan uwa, wannan ciwo yana nan a cikinmu. Mai jego ta daina barci, ta daina cin abinci, tana kuka ba dalili, mu ce sabon shiga ne ko iska, mu rufe ta a ɗaki don kada a ji. Ciwo ne, kuma yana da magani. Akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai na Kware a Sakkwato, ko a fara da inda ta yi awo.

Roƙonmu biyu ne. Idan rumfar 'yar ƙungiya ta wuce arba'in a rufe, kada mu tsaya tambayar zubin adashi, mu je mu zauna da ita. Ku kuma maza, in ta ce ba ta jin daidai, ku yarda da ita.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya maimaita mana.