Fayil Nawa Za Ka Taɓa?

Malam Shugaba, malamanmu, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu da ke aji yanzu.

An ce in yi magana a kan amfanin lissafi a wurin aiki. To, ga misali daga ofis. Dattijo ya taso tun daga Andarai, ya biya kuɗin mota har Birnin Kebbi don maganar fanshonsa, sai aka tarar fayilolin da ke kan kanta sun hargitse. A ce lambobinsu sun jeru haka: 4, 9, 2, 7, 3, 8, 5, 6. Akawu mai dabara ba zai sauke duka ba. Zai nemi fayiloli mafi yawa waɗanda tuni suna bin juna daga ƙarami zuwa babba, ko da akwai wasu a tsakaninsu, ya bar su inda suke, ya gyara sauran.

Mai gaggawa zai kama 4, ya kama 9, shi ke nan ya maƙale. Mai cewa zai gwada kowane zaɓi kuwa, fayil 30 kacal za su ba shi zaɓi fiye da biliyan ɗaya. Dattijon nan sai ya kwana a tasha.

Dabarar ita ce kasa tsibi, kamar mai albasa a kasuwar Aliero. Kowace lamba ka ɗauka, ɗora ta a kan tsibi na farko daga hagu wanda ta samansa ta fi ta girma. In babu, buɗe sabon tsibi a dama. Ku gwada: 2 ta hau kan 4, 7 da 3 suka hau kan 9, 5 ta hau kan 8, 6 ta zauna ita kaɗai. Tsibi huɗu ke nan, kuma yawan tsibin shi ne tsawon jerin da muke nema: 2, 3, 5, 6. Fayil huɗu kawai za a taɓa.

Abin da ya fi burge ni, lambobin saman tsibin kullum a jere suke, saboda haka ana neman gurbi ta hanyar raba su biyu-biyu. Ko fayil miliyan ne, dubawa kamar 20 ta ishi kowane ɗaya. Michael Fredman ya yi nazarin saurin wannan hanya a 1975, kuma kwamfuta na amfani da ita.

Ƙannena, ku yanka takardu goma, ku rubuta lambobi, ku cakuɗa, ku gwada yau da dare.