Makin Turawa da aljihun ɗan Zango

Jama'a, daga Zangon Sokode har Dapaong, yau zancen wasannin bidiyo muke.

Masu sharhi a Turai da Amurka kan ba kowane wasa maki, shafin Metacritic ya haɗa su bisa ɗari. To amma fa da intanet mai ƙarfi suke gwaji. Kai da ke sayen data da 'yan dalolinka, ma'auninka daban.

Ɗauki ƙwallo. Da Konami ya mai da PES eFootball a 2021, kaca-kaca aka yi masa, har fuskokin 'yan wasa suka zama abin dariya. An gyara shi daga baya, kuma kyauta ake sauke shi a waya. Ni dai ina ganin ya wuce raini. FIFA, da ya koma EA Sports FC a 2023, ya fi kyan gani, sai dai kowace shekara sabon kuɗi. Semassi kam, kada ka wahala nemanta ciki.

Free Fire yana tafiya ko a ƙaramar waya, amma sayen lu'ulu'unsa na cinye kuɗin makaranta.

Iyaye, ku nake ji. GTA V ya ci maki 97, amma kisa da fashi ne cike da shi. Lambar 18 ɗin nan da ke jikin kwalinsa shekaru take nufi.