Alkafurar Surya Bonaly

Yau za mu leƙa Faransa, mu yi maganar Surya Bonaly, gwanar wasan zamiya a kan ƙanƙara.

Baƙar fata ce, a wasan da fararen fata suka mamaye. Sau biyar a jere tana lashe gasar nahiyar Turai. Sau biyar! Amma a gasar duniya, sau uku tana tsayawa a ta biyu. A 1994, a Japan, har cire lambar azurfar ta yi daga wuyanta, don tana ganin alƙalai sun ƙware ta.

To, ga inda maganar take. A gasar Olamfik ta Nagano, 1998, ciwon agara ya dame ta, lambar yabo ta kuɓuce mata. Sai ta yi alkafura ta baya, ta dira da ƙafa ɗaya. Doka ta hana. Ta sani, ta kuma yi. Aka zaftare mata maki, ta ƙare a ta goma. Ni dai ban ga laifinta ba.

Daga baya ta koma Amurka tana horar da matasa. A 2024, hukumar wasan ta duniya ta janye haramcin alkafurar.