Karkanda Biyu Da Suka Rage

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Da Sakatare ya ce in yi magana a wannan taro, na ce masa ni ma'aikacin ofis ne, ba likitan dabbobi ba. Ya ce ai tun muna aji uku ba ni da hira sai ta namun daji, in zo in biya bashi. To ga ni.

Ran 19 ga Maris 2018 wani namijin karkanda mai suna Sudan ya mutu a gandun Ol Pejeta da ke ƙasar Kenya, yana da shekara 45. Shi ne namiji na ƙarshe a irin da ake kira farar karkanda ta arewa, wadda a da take yawo a dazuzzukan Cadi, Sudan, Yuganda da Kwango. Masu farautar ƙaho ne suka ƙarar da ita. Ya bar mata biyu: 'yarsa Najin da jikarsa Fatu. Najin ƙafafunta na baya ba za su iya ɗaukar nauyin ciki ba, ita kuwa Fatu mahaifarta ce ba ta da lafiya.

Abin da ya hana a yanke ƙauna shi ne, tun kafin mazan su mutu an ɗebi maniyyinsu an adana cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi. A watan Agustan 2019 likitoci ƙarƙashin Farfesa Thomas Hildebrandt na Cibiyar Leibniz da ke Balin suka sa wa matan biyu maganin barci, suka zura wata doguwar na'ura ta dubura, suna duba hanya da na'urar hoton ciki, suka zaro ƙwai goma. Aikin yana da hatsari, don allurar tana wucewa ne kusa da manyan jijiyoyin jini. Nan take aka sa ƙwan a jirgi zuwa wani ɗakin bincike a garin Kiremona na Italiya, aka tsira wa kowane ƙwai da ya nuna ƙwayar maniyyi ɗaya. Biyu suka kama. An ci gaba da haka, har zuwa 2024 an tara 'yan tayi wajen talatin, duk daga Fatu. Najin an hutar da ita tun 2021.

Saura wa zai ɗauki cikin? Sai 'yar'uwarta, farar karkanda ta kudu, wadda ita akwai ta da dama. An yi gwaji da ɗan tayin irin na kudun a jikin wata mai suna Curra a 2023. Cikin ya kama, amma wata ƙwayar cuta da ambaliya ta tono daga ƙasa ta kashe ta. Da aka buɗe ta, sai ga ɗan tayi namiji na kwana 70. Allah mai iko.

Malaminmu na ilmin halittu, ga shi can zaune, ya koya mana illar iri ya taƙaita a gida ɗaya. Wannan ce damuwata: uwa ɗaya ce, ubanni kuwa ba su cika yatsun hannu ba. Ga kuma lokaci. Cikin karkanda wata 16 ne, kuma ana so ɗan ya zo ya iske Najin da Fatu da rai, ya koyi kiwo da zaman irinsa a wurinsu. An haifi Najin a 1989, ta girmi da yawa daga cikinmu.

Mu ma nan kusa mun yi irin wannan rashi. Baƙar karkanda ta Afirka ta Yamma ta yi zamanta na ƙarshe a arewacin Kamaru, maƙwabtanmu. Masu bincike sun zagaya dajin a 2006 ba su ga ko ɗaya ba, a 2011 aka ba da sanarwar ta ƙare. Ita babu wata Fatu da ta rage da za a ɗebi ƙwanta.

Na ga Sakatare yana duban agogo.