Ƙwayar Zazzaɓi Ma Tana Da Dangi: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya A Zangon Agege

 

An ce in yi magana a kan zazzaɓin cizon sauro. Na san wani zai ce, me ya rage ba mu sani ba? To, a yi mini haƙuri kaɗan.

A binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018, an ɗebi jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka duba da madubin likita. A Jihar Legas yara 2 cikin 100 ne aka samu da ƙwayar zazzaɓi. A Jihar Kebbi kuwa, 52 cikin 100. Ku duba wannan tazara! Mu kuwa ƙafarmu ɗaya tana nan, ɗaya tana gida. Mai goro, mai shanu a Oko-Oba, mai tumatir a Mile 12, ɗan ci-rani a Idi-Araba, kowa yana hanya. Idan yaro ya kwanta a Agege kwana goma bayan an dawo daga hutun Sallah, ina ya ɗauko ciwon? A can ko a nan? Zafin jiki ba ya faɗa, madubi ma ba ya faɗa.

Amma ita ƙwayar tana ɗauke da rubutun gado a jikinta, kamar yadda tsagar fuska ke nuna gidan da mutum ya fito. A 2002 masana suka gama karanta wannan rubutu baki ɗaya. Ƙwayoyin suna barbara ne a cikin cikin sauro. Saboda haka inda zazzaɓi ya yi yawa, sauro kan kwashi iri biyu ko uku a jinin mutum guda, su gauraya, a sami sababbi. Inda ya yi ƙaranci kuwa, iri ɗaya ne ke ta zagayawa daga wannan gida zuwa wancan. Ɗigon jini a kan 'yar takarda ya isa a gane ko ƙwayar Audu da ta maƙwabcinsa uwa ɗaya uba ɗaya ne, ko kuwa ba su ma san juna ba. An yi irin wannan aiki a Risha Tol, garin masu noman rake a arewacin Senegal, inda ma'aikata ke zuwa daga nesa kamar mu, aka rarrabe ciwon da aka shigo da shi da wanda aka kama a cikin gari.

Sai dai kada a ɗauki abin kamar duba. A Afirka ta Yamma ƙwayoyin sun cakuɗe ƙwarai, ba kasafai za a ce wannan Bakanuwa ce, waccan 'yar Legas ba. Na faɗi haka ne don kada gobe wani ya tashi ya ce Hausawa ne ke kawo wa Ikko zazzaɓi. Sauro ba ya tambayar ƙabila, kuma kwatamin da ya toshe a bayan gidajenmu ba daga Arewa aka yi dakonsa ba.

Inda wannan ilimi ya fi amfani shi ne wajen magani. Manyanmu sun tuna lokacin da kulorokwin ke warkarwa, ko da zai sa mutum ƙaiƙayi. Me ya kashe shi? Wata ƙwaya ce mai taurin kai ta ɓulla a kudu maso gabashin Asiya, ta iso Afirka ta Gabas a 1978, ta bi jinin matafiya har ta zo mana. Rubutun gadon ne ya tona asalinta daga baya. Dole ta sa Nijeriya ta koma ga maganin haɗi na atemisinin wajen 2005. To, ga shi a 2020 an ba da rahoton ƙwayar da ta fara jure wa shi ma atemisinin ɗin a Ruwanda, a 2021 kuma a Yuganda. A shekarar 2020 ɗin nan dai aka kama wani baƙon sauro ɗan Asiya a Jihar Gombe, mai son hayayyafa a tanki da duro na cikin birni. Masanan Cibiyar Binciken Lafiya ta Yaba, nan kusa da mu, su ne suka tabbatar da shi.

Saboda haka idan ma'aikatan lafiya suka zo unguwa neman ɗigon jini, kada a kore su da jita-jita, kada kuma a miƙa yatsa a makance. A nemi katinsu, a tambayi me za a yi da jinin, a sa su bi ta hannun Sarki da shugabannin ƙungiya. Wanda bai yarda ba, babu tilas, haƙƙinsa ne. In likita ya tambayi inda aka kwana a makonni biyun da suka wuce, a gaya masa gaskiya.

Iyayenmu mata, yaron da aka haifa a Legas jikinsa bai saba da zazzaɓin gida ba. In za a kai shi ganin kakanni da damina, a sa gidan sauro a cikin kaya. In jiki ya yi zafi a gwada jini kafin a je kemis, kuma maganin kwana uku a shanye shi kwana ukun.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, shugaba zai ba shi dama.