JAWABI A KAN SUNA DA ASALI

Maganar yau a kan suna ce da asali.

A ƙasar Hausa, ran suna ake raɗa ma yaro sunan yanka. Bayan haka uwa ko kaka ta sa mashi laƙabi. Kowane laƙabi da dalilinsa. Tanko namiji ne da ya biyo ɗiya mata. Gambo mabiyin tagwaye ne. Nomau lokacin noma anka haife shi.

Da takardun gwamnati sunka zo, sai anka riƙa haɗa sunan mutum da na ubansa. A ce Nomau ya haifi Garba, Garba ya haifi Isufu. Takardar uba tana cewa Garba Nomau. Ta ɗa tana cewa Isufu Garba. Tun daga jika, sunan Nomau ya fita. To, ran da rigimar gona ta tashi, anka ce Nomau ne ya sare dajin, da mi ɗan Isufu zai nuna shi jinin Nomau ne? Tsofaffin da sunka sani sun riga mu gidan gaskiya.

Ga misalin gidan da ya riƙe asalinsa. Sarkin Maraɗi, Sarkin Katsina ake ce mashi. Don mi? A shekara ta 1807 mutanen Shehu Usman ɗan Fodiyo sunka ci birnin Katsina. Sarki Magajin Halidu ya rasu a Ɗankama, anka naɗa Ɗan Kasawa. Ya yi zama a ƙasar Damagaram, sannan wajen 1819 ya zauna Maraɗi. Bayansa anka yi Rauda, wanda ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836. Sai Ɗan Mari, can gaba kuma Ɗan Baskore. Gari ya sake, amma sunan sarauta bai sake ba. Maroƙa da makaɗan fada sun riƙe sunayen nan a ka, daga baya anka rubuta su. Shi ya sa ba su ɓace ba.

Talaka ba shi da maroƙi, amma shi ma yana da asali. Wanda ya iya rubutu, kaye da bik sun ishe shi. Ga yadda ake yi:

1. A je wajen wanda ya fi kowa tsufa a cikin dangi, da goro a hannu. Kada a manta da tsofaffi mata. Amma mace tana kunyar faɗin sunan mijinta da na ɗan farinta. Waɗannan sai a tambayi wani.

2. A rubuta sunan yanka da laƙabi, duka biyu. Mutum guda yana iya zama Abdu a masallaci, Tanko a gida.

3. A rubuta garin da kakanni sunka fito, da abin da ya tashe su: yaƙi, ko yunwa, ko neman gona.

4. In ba a san shekara ba, a auna da babban abin da ya faru: yunwar Kakalaba ta 1914, ruwan da ya ci tsohon garin Maraɗi a 1945, ko samun mulkin kai a 1960.

5. A rubuta sana'ar gida: ƙira, fawa, su, ko rini. A tambayi wanzami askar gidan, don ya san ta Gobirawa, ya san ta Katsinawa.

6. In baki biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun, da sunan wanda ya faɗa.

Abu na ƙarshe: ran yi ma yaro takardar haihuwa, a tafi da takardar ubansa, don a rubuta sunan iri ɗaya. Baƙi ɗaya in ya sauya, yana jawo wahala a lakkol da wajen rabon gado.

Kowa ya fara tun tsofaffinsa na da rai. Allah ya ba da sa'a, amin.